Maganin Ciyawa Ya Gamu da Maganinsa

A ƙasar Niyu Zilan akwai wata baƙuwar ciyawa mai ƙaya, 'yar asalin Turai, wadda ke mamaye wuraren kiwo. A 1973 masana suka saki wani ƙwaro, Rhinocyllus conicus, wanda tsutsarsa ke cinye irin ciyawar tun yana cikin fure. A 1982 kuma suka kawo wani ɗan zanzaro, Microctonus aethiopoides, domin ya kashe wani ƙwaro dabam mai ɓata abincin dabbobi. Sai zanzaron ya shiga saka ƙwai a jikin ƙwaron farko ma. Tsutsarsa takan hana ƙwaro mace yin ƙwai, idan ta fito kuma ƙwaron ya mutu. Shi ya sa ake gwada kowane baƙon ƙwaro sosai kafin a sake shi.