Ruɓewar Citta A Kudancin Kaduna: Yadda Bakteriya Masu Amfani Ke Kare Shuka

A daminar 2023 annobar ruɓewar citta ta afka wa gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da yankin Kafanchan, inda ganye ya riƙa yin rawaya, saiwa tana ruɓewa a cikin ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar manoma da sama da naira biliyan 12, kuma an danganta cutar da ƙwayoyin fumfuna, wato fangas.

Irin waɗannan ƙwayoyi, kamar Fusarium, suna daɗewa a cikin ƙasa da jikin iri, suna kuma bunƙasa idan ruwa ya kwanta a gona. Shi ya sa feshi a kan ganye kaɗai ba ya kai wa ga tushen cutar.

A nan ne bakteriya masu amfani, irin su Bacillus da Pseudomonas, ke shigowa. Sukan mamaye jikin saiwa su riga fumfuna samun wuri da abinci. Wasu na fitar da sinadaran da ke huda fatar ƙwayar cutar, wasu na janye sinadarin ƙarfe da take buƙata, wasu kuma na zaburar da garkuwar shukar. Bacillus na jure zafi da bushewa, don haka ana iya adana shi a matsayin gari.

A Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman citta, cibiyar binciken kayan yaji da ke Kerala ta ɗura irin wannan bakteriya cikin ƙwanso, ana narkawa a ruwa a jiƙa iri kafin shuka. A gida Nijeriya ma, cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Nodumax, bakteriyar da ake cakuɗawa da irin waken suya, ko da yake aikinta ƙara wa shuka abinci ne.

Sai dai wannan dabara rigakafi ce, ba ta dawo da saiwar da ta riga ta ruɓe. Ta fi tasiri idan an haɗa da iri mai lafiya, kunya mai tudu da ruwa ke zurarewa, takin gargajiya da ya ruɓa sosai, da sauya gona na wasu shekaru. Kafin manomi ya saya, ya dace ya duba lambar rajistar NAFDAC, ya kuma nemi shawarar malaman gona.