MAGANIN YARO BA NA KYANWA BA NE

Uwargida, kyanwa da kare su ma suna yin mura da tari. Alamunsu atishawa, majina, kwantsa a ido da ƙin cin abinci.

Kada ki ba su ragowar maganin yaronki. Ƙwaya ɗaya tak ta Panadol tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Yawancin murar kyanwa kuwa ƙwayar bairas ce ke kawo ta, kafso ba ya kashe ta. Likitan dabbobi ne zai duba nauyin dabba, ya faɗi maganin da ya dace.

GA ABIN YI:

1. Ki sa a kai ta asibitin dabbobi, musamman in tana haki ko ta daina ci.
2. A ba ta magani yadda aka ce, har kwanakin su cika.
3. Kada ta kwana kusa da jariri.
4. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa ta.
5. Ki ajiye maganin dabba a sama, inda hannun yaro bai kai ba.

In yaro ya sha shi, maza ki kawo shi asibiti tare da kwalbar. Kada ki jira sai gobe!