Hoce, hura da tsire: Wahalar neman abinci na asali a yammacin Zamfara

Wanda ya bar titin Gusau zuwa Sakkwato a mahaɗar Mayanci ya nufi Anka, daga nan ya miƙa Ɗaki Takwas zuwa Gummi, da wuya ya ci karo da gidan abinci mai ƙofar gilashi. Rumfuna zai yi ta gani: ta mai shayi, ta mai tuwo, tukubar mai nama, sai mata da 'yan mata da ke zagaye mota da ƙwarya ko roba a ka. A cikin waɗannan robobi ake samun hoce, abincin da ake danganta Zamfarawa da shi kamar yadda ake danganta Kanawa da gurasa.

Hoce ba shi da ado. Garin dawa ne ake kwaɓawa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, sannan a gasa. Yana da nauyi a hannu, yana da nauyi a ciki, kuma yana kwanaki bai lalace ba, abin da ya sa ya zama guzurin matafiyi da manomin da zai wuni a gona. Wani ya ci shi da miyar sure, wato yakuwa a bakin mutanen gabas. Wani ya marmashe shi ya zuba ƙuli da mai da albasa da yaji, ya yi datu. Wani kuwa nono kawai zai zuba masa.

Baƙo kan ɗauka duk hoce ɗaya ne. Ɗan gida, daga gutsure ɗaya ya gane. Yana neman tsamin da ya zo da kansa saboda ƙullun ya kwana, da ɗan ƙaurin itace, da launin dawa. Mai son gajeriyar hanya na iya sirka garin da masara idan ta fi araha, ko ta hanzarta ƙullun da yis. Cikin mutum zai cika, amma ba abin da ya fito nema ke nan ba.

Can Meziko ma ana wannan gardama

Neman abinci na asali a rumfunan bakin hanya ba a Zamfara aka fara shi ba. A Amurka, masu son abincin Meziko sun daɗe suna musu kan inda ake samun taco na gaske. Taco wata 'yar gurasar masara ce mai laushi, faɗin tafin hannu, da ake naɗe nama da albasa da barkono a ciki, a matsa lemun tsami, a ci a tsaye. Bakanon da ya taɓa naɗe tsire a cikin gurasa ba ya buƙatar dogon bayani.

Sirrin yana ga masarar. Kafin a niƙa ta, sai an dafa ta da ruwan farar ƙasa ko na toka, wanda ke saɓule dusar, ya sa ƙullun ya yi danƙo, ya kuma ƙara mata amfani a jiki. Matan Hausawa da suka san aikin kanwa da ruwan toka a tukunya ba za su yi mamaki ba.

Kamfanin Taco Bell, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1962, ya yi suna da taco mai ƙamas-ƙamas, ya bazu a ƙasashe da dama. Sau biyu yana gwada buɗe shago a Meziko, a 1992 da 2007, sau biyu yana naɗe tabarmarsa. Mutanen ƙasar sun gwammace rumfar kan kwana.

Abin dariyar shi ne, ɗaya daga cikin taco mafi farin jini a birnin Meziko, wanda ake kira al pastor, jikan shawarma ne. 'Yan Labanon da suka yi ƙaura zuwa yankin Puebla a farkon rabin ƙarni na 20 ne suka je da salon gasa nama a jikin ƙarfe mai juyawa, daga baya 'yan ƙasa suka maye naman rago da na alade. (Musulmin da tafiya ta kai shi can sai ya tambaya kafin ya miƙa hannu.)

Haka abin yake a tukubar Ɗaki Takwas. Barkono da tumatir da masara daga nahiyar Amurka suka zo, kuma a ƙasar Meziko ta yau aka fara noman masara, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Gyaɗar da ake ƙuli da ita daga Kudancin Amurka ta fito. Duk sun iso Afirka ne bayan 1492, a jiragen ruwan Turawa. Ke nan yajin da babu tsire sai da shi, rabinsa baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. Dawa da gero su ne 'yan asalin wannan nahiya.

Saboda haka idan mai ci ya ce yana neman na asali, ba tarihin barkono yake tambaya ba. Yana tambayar wace gona, wace saniya, wane turmi, wane hannu. Ko hukumar UNESCO da ta sanya girkin gargajiyar Meziko cikin kayan gadon duniya a 2010, ba kwanon abincin kaɗai ta duba ba, ta haɗa ne tun daga shuka da girbi har zuwa ci. A yammacin Zamfara kuwa, a wuraren nan ne igiyar ke tsinkewa.

Inda igiyar ta tsinke

A fara da nono. Hura, kamar yadda ake furta ta a can, ba ta cika sai da kindirmon da Bafulatana ta ɗauko daga ruga. Shekaru fiye da goma na satar shanu da hare-haren ramuwar gayya sun watsa rugage da yawa. Wasu makiyayan sun bar jihar, wasu an raba su da garkensu, wasu kuma tsoron shiga gari ya hana matansu tallan da suka gada. Gurbin da aka bari, madarar gari ce ta cike shi. Ana dama ta, a bar ta ta kwana, a sayar da sunan nono. Ba guba ba ce, kuma mai yin ta ba lallai maha'inciya ba ce, abin da ta samu ke nan. Amma wanda ya tashi da nonon shanu yana ganewa tun kafin ludayi na biyu: babu ƙanshin man shanu, kuma ruwa na saurin tasowa sama.

Nama ma ya ga tasa. A farkon Satumban 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako a faɗin jihar, ta hana safarar dabbobi, sannan aka katse layukan waya, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kuɗi da abinci. An sassauta matakan daga baya. Sai dai mahaucin da ya yi makonni bai kunna tukuba ba, jarinsa ya ci, kuma ba kowa ne ya iya dawowa ba. Wani abin da ya ƙara dagula sana'ar shi ne zargi: mai sayar da burodi ko dafaffen abinci da yawa a ƙauye na iya samun kansa cikin tuhumar cewa mutanen daji yake kai wa.

Dawar kanta sai an noma. A ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum, manoma sun sha biyan harajin 'yan bindiga kafin shuka, su sake biya kafin girbi. A watan Janairun 2022 an kai wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu hare-haren da mazauna suka ce sun ci rayuka kusan 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Gummi, mai fadama da kifi, ambaliya ta yi mata ɓarna a daminar 2024. Wannan duk a jihar da ke kirari da cewa noma ne abin alfaharinta.

Turmin Tungar Daji

Akwai wani ɓangaren labarin da mai neman abinci mai daɗi ba ya son ji, amma mutanen Tungar Daji ba za su manta da shi ba. A 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Duwatsun zinaren da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo su cikin gida a daka, a niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Tungar Daji na cikin ƙauyukan da aka kankare wa gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa tsakanin 2010 da 2011, tare da Dareta, Abare, Sunke da Duza a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare ta. Masu binciken da suka auna abincin yankin sun gano cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba daga gona ta fito ba. Bayan girbi take shiga, wajen sussuka da shanya da niƙa da girki.

Wannan ya sauya ma'anar tambayar. A ko'ina, mai neman na gargajiya yana murna idan aka ce masa a turmi aka daka, a ƙasa aka shanya. A ƙauyen da ake aikin zinare, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me kuma aka daka a turmin, kuma me injin ya niƙa jiya. Dalma ba ta da ɗanɗano, harshen gwanin hoce ba zai kama ta ba.

To ina za a nufa?

Gwanayen ba su ƙare ba, wuri suka sauya. Dubban mutanen ƙauye sun yi gudun hijira zuwa garin Anka, wasu suka zauna a filin ginin sabon gidan sarki, wasu suka wuce Gummi da Gusau da Sakkwato. Matar da ta bar rumbu da awaki a baya ta taho da abin da ke hannunta, kuma tallan abinci na cikin sana'o'in da ake farawa da kwano ɗaya na hatsi. Shi ya sa sau da yawa hocen ƙauye ya fi samuwa a bakin tashar birni, a hannun dattijuwar da kowa ke kira Inna, fiye da a ƙauyen da aka san shi da shi.

Masu bin hanyar suna da dabarunsu. Ba sa duba allon shago, inda direbobi da 'yan kamasho ke zama suke dubawa. Suna zuwa ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da nonon da ya samu fitowa daga ruga bai ƙare ba. Suna tambayar mai hoce daga wane gari take, domin amsar kan faɗi irin dawar da ta saba da ita. Idan farashin nono ya yi arha fiye da kima, sun san dalili.

Tsire ne ya fi wuyar samu ga matafiyi. Abincin yamma ne, mai tukuba ba ya hura wuta sosai sai bayan la'asar, naman kuma ya fi daɗi gab da magariba. Direbobin hanyar Anka zuwa Gummi kuwa so suke rana ta faɗi suna cikin gari, don haka a lokacin da tsinken farko ke sauka daga wuta, yawancin motocin sun riga sun wuce.