Soyuz, Dragon ko Shuttle: Wane kumbo ne ya fi daɗin hawa?

 Yau cikin kumbo za mu leƙa. Mun saba ganin 'yan sama jannati suna murmushi suna ɗaga wa kyamara hannu, amma ba kasafai ake gaya mana yadda zaman yake ba bayan an rufe ƙofa.

Mu fara da Soyuz na Rasha, tsohon hannu, wanda ke ɗaukar mutane tun 1967. Mutum uku yake ɗauka, kuma ba zama ake yi ba, kwanciya ce a rigingine, gwiwa a naɗe ta kusa taɓa ƙirji, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ku ɗauka ƙarti uku ne a bayan adaidaita sahu, kowa cikin riga mai kauri, ga kaya a cushe ta ko'ina. Kwamandan da ke tsakiya ma da 'yar sanda yake danna wasu maɓallan, don an ɗaure shi tamau, hannu ba ya kaiwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kujerar. Kafin tafiya ana kwantar da mutum cikin filasta a ɗauki siffar bayansa, a yi masa shimfiɗa daidai jikinsa shi kaɗai. Me ya sa? Saboda sauka. A kan ƙasa Soyuz yake dira, a filayen Kazakistan, da lema. In ya rage kamar mita ɗaya sai wasu ƙananan rokoki su tashi su rage ƙarfin faɗuwar. Injiniyoyi na kiran wannan sauka mai taushi, waɗanda suka hau kuwa da yawansu da haɗarin mota suke kwatanta ta. Amma fa yana da ɗaki na biyu a sama inda ake miƙe ƙafa, can banɗakin yake. Ga shi da sauri: a Oktoban 2020 cikin kusan awa 3 ya isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Dragon na kamfanin SpaceX kuwa ɗan gayu ne. A watan Mayun 2020 ya fara ɗaukar mutane, Bob Behnken da Doug Hurley. Kujeru huɗu, fili wadatacce, allo na shafawa kamar waya, kuma galibi shi yake tuƙa kansa. Tafiyarsa zuwa tashar takan ci kusan yini guda. A teku yake sauka, abin da ya fi sauƙi ga ƙashin baya, sai dai wanda ya yi wata shida jikinsa bai san nauyi ba, igiyar ruwa na iya tayar masa da zuciya kafin jirgin ruwa ya iso.

Banɗakinsa fa? Labule ne kawai tsakaninka da abokan tafiya. A 2021 aka gano wani bututun fitsari ya ɓalle, har ayarin da ya dawo duniya a watan Nuwamba na shekarar sai da suka sa kunzugu irin na manya. Kada ku yi dariya, sun fi na da gata. A 1965 Frank Borman da Jim Lovell sun yi kusan kwana 14 a kumbon Gemini, wurin da bai wuce gaban ƙaramar mota ba, a leda suke biyan buƙata.

In ana maganar jin daɗi zalla, Shuttle na Amurka ba shi da na biyu. Hawa biyu ne, yana ɗaukar mutum bakwai, da wurin ɗumama abinci, da banɗaki na sosai, kuma a kan titin jirgi yake sauka kamar jirgin sama. Daga 1981 zuwa 2011 ya tashi sau 135.

To ga inda gizo ke saƙar. Shuttle ba shi da rokar da za ta fizge mutane ta gudu da su in abu ya lalace lokacin tashi. Challenger ya tarwatse a 1986, Columbia ya wargaje a hanyar dawowa a 2003, rai 14 ke nan. Soyuz ɗin da ake yi wa ba'a saboda matsi, rabonsa da kisa tun 1971. A Oktoban 2018 rokarsa ta samu matsala minti biyu da tashi, kumbon ya ɓalle da kansa, Nick Hague da Aleksey Ovchinin suka sauko da ransu. Bayan wata biyar suka sake hawa, suka isa lafiya. Dragon ma an sa masa irin wannan hanyar tsira, an kuma gwada ta a Janairun 2020 kafin a sa mutum ciki.

Ni dai da za a ba ni tikiti yau, Dragon zan ɗauka, in roƙi Allah kada banɗakin ya ba ni kunya. Ku fa, wanne za ku hau? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.