Asalin kalmar "concord" da ma'anarta ga mutanen Agadas

A cikin harshen Ingilishi akwai wata kalma, "concord", wadda ba kasafai ake jin ta a bakin talakawa ba, sai dai a littattafai da jawabin manya. Ingilishi ya aro ta ne daga Faransanci, inda ake rubuta ta "concorde". Faransanci kuwa ya gaje ta daga Latin, inda aka haɗa kalmomi biyu, ɗaya mai nufin "tare", ɗaya mai nufin "zuciya". Ashe ke nan ma'anarta ta asali ita ce zukata su zama ɗaya, abin da Bahaushe ke kira jituwa.

Mutanen Dagmanet da sauran unguwannin Agadas sun san wannan kalma ta hanyar tarihin ƙasarsu. Ranar 24 ga Afrilu 1995, a Yamai, gwamnatin Nijar da ƴan tawayen Arewa suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, bisa shiga tsakanin ƙasashen Aljeriya da Burkina Faso da Faransa. Daga nan aka mai da ranar ta zama ranar hutu, aka raɗa mata sunan "concorde" ta ƙasa.

Ya kamata mai karatu ya bambanta yarjejeniya da jituwa. Yarjejeniya takarda ce, ana iya sa mata hannu cikin yini guda. Jituwa kuwa sai an daɗe ana gina ta. Shi ya sa bayan 1995 sai da aka ƙara wata yarjejeniya a Aljeriya a 1997, da wata a Njamena a 1998. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi aka ƙone su a Agadas, a zamanin shugaba Tanja Mamadu. Duk da haka tawaye ya sake tashi a 2007, bai lafa ba sai a 2009.

Saboda haka ma'aikacin da ke fassara takardun gwamnati ga jama'a, idan ya tarar da "accord" ya ce yarjejeniya, idan ya tarar da "concorde" ya ce jituwa. Ta farko wakilai ne ke ƙulla ta. Ta biyu kuwa tana hannun manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, a bakin rijiya da cikin unguwa.