Idan Sigina Ta Rikice, A Fara Da Maɓallin Hazad

Direbobi da yawa ba sa sanin ƙwan siginarsu ya mutu sai mai babur ya daka musu tsawa a shataletale, alhali motar ta daɗe tana sanar da su. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bi a Turai da Amurka ita ce sigina ta ƙifta sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Idan kibiyar kan dashbod ta koma ƙiftawa da sauri a gefe guda, da gangan aka tsara haka, domin direba ya gane ƙwai ɗaya ya daina jan wuta.

Galibi ƙwan gaba da na baya kowanne wat 21 ne, ɗan ƙaramin da ke gefen mota kuma wat 5. A kan batir mai bolt 12, gefe guda yana jan kusan amfiya 4. In ƙwai ɗaya ya ƙone, kusan rabin wannan wutar ta tafi, filasha ta zamani, wato na'urar da ke ƙifta fitilun, ta gane, sai ta ƙara sauri. Ta tsofaffin motoci kuwa da zafi take aiki: akwai ɗan ƙarfe a cikinta da ke lanƙwashewa ya katse wuta in ya yi zafi, ya sake haɗa ta in ya huce. Wuta ta ragu, zafi ya ragu, sai ƙiftawar ta yi sanyi ko fitilar ta tsaya a kunne cak. Ciwo ɗaya ke nan, amma alamarsa ta danganta da shekarun motar. Masu sauya ƙwai da na LED su ma suna gamuwa da wannan saurin, don LED ba ya cin wuta sosai, filasha ta ɗauka ƙwan ya ƙone. Maganinsa filashar da aka yi domin LED, ko resista mai om 6, wat 50, a ɗaure ta a jikin ƙarfe saboda tana zafi sosai.

Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya cin ko sisi: a danna jan maɓallin hazad, a zagaya motar. Hazad kai tsaye take ɗaukar wuta daga batir, shi ya sa take aiki ko babu makulli, ita kuwa sigina sai an murɗa makulli, kuma galibi kowacce da fis ɗinta. In fitilu huɗun sun ƙifta da hazad amma sigina ta ƙi, to ƙwayaye da soket da wayoyinsu lafiya suke, kada kowa ya kwance fitilar baya. Saura fis ɗin sigina, da hannun sigina na jikin sitiyari, da shi kansa maɓallin hazad ɗin. Wannan na ƙarshen ne ake yawan mantawa. A motoci da dama, wutar sigina ta cikinsa take bi, ga shi ana daɗewa ba a taɓa shi ba, ƙurar hunturu ta cika shi. Wani lokaci in aka yi ta dannawa ana saki, sai siginar ta dawo, asirinsa ya tonu. In duka biyun sun mutu tare, a tuhumi filasha.



Inda ake gane gwanin mai wayarin shi ne matsalar at, wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Idan ta yi tsatsa, wuta takan nemi hanyar komawa ta cikin wasu ƙwayayen. Ka ba da sigina, fitilar birki ta riƙa ƙiftawa dishi-dishi tare da ita. Ka taka birki, siginar ta tsaya. Mai mota ya ɗauka wayoyi sun haɗe, alhali ruwan damina ne ya shiga soket ya bar koren tsatsa, ko kuwa an yi wa motar fenti aka ɗaure wayar a kan fentin. A jawo waya daga ɓangaren nagetif na batir a taɓa jikin soket ɗin. In fitilun sun natsu, sai a kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito, a ɗaure.

Motocin da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas ma ba tsarinsu ɗaya ba. Na Turai siginarsu ta baya ruwan goro ce, da ƙwanta daban. Da yawa daga na Amurka ja ce, kuma zaren ƙwai ɗaya take rabawa da birki, don haka in ka ga fitilar birki ta gefe guda tana ƙiftawa, aikinta take yi.

Fis ɗin da ya ƙone sau biyu a jere yana nufin wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe, sau da yawa wajen da murfin but ke lanƙwasa ta. Ɗaure shi da zaren waya, kamar yadda wasu yaran gareji ke yi, gayyatar gobara ce.

Sabbin motoci ba su da filashar da za a zare a sauya. Kwamfutar jikin mota, BCM, ita ke ƙifta fitilun, kuma a yawancinsu ƙarar ƙas-ƙas ɗin daga ɗan lasifikar dashbod take fitowa. A nan na'urar sikanin ake fara jonawa, domin tsira testa mai ƙwai a wayar da ba ta dace ba yana iya lalata kwamfutar.