Kare a Cikin Jirgi: Abubuwan Ban Mamaki Daga Matan Fada Zuwa Ingila

A gulbin Matan Fada na Argungu, ranar bikin kamun kifi, dubban masunta ne ke rugawa cikin ruwa lokaci guda, kowa da goransa da homarsa. Tun 1934 ake wannan biki, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyarar da ta binne tsohuwar gaba, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. A wasannin kabanci akwai tseren kwalekwale, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Wannan na ƙarshe a Turai aikin kare ne. Can sai da aka ɓata ɗaruruwan shekaru ana zaɓen irin karnukan da za su faɗa ruwa su ɗauko agwagwa, alhali Bakabe da kansa yake bin ta ya cafko.

Duk da haka kare yana shiga jirgi a ƙasar Kabi. Mafarauci da zai haye gulbi ba zai bar karnukansa a gaɓa ba, mai tashi zuwa tunga da iyalinsa yakan tafi da mai gadinsa, kuma a shekarar ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi, duk abin da ke da rai a gida jirgi ya ɗauke shi. Wane irin kare ne ya dace da jirgi? Mutanen ruwa na duniya sun daɗe da amsa wannan tambaya, kuma amsoshinsu cike suke da abin mamaki.

A Ingila da Wales akwai hanyoyin ruwa da suka kai mil 2,000 a hannun hukumar Canal & River Trust, akasarinsu mutane ne suka haƙa su don jigilar gawayi da kaya, tun bayan da aka buɗe ta Bridgewater a 1761. Dawaki ne ke jan jiragen a da, suna tafe a gefen ruwa da igiya. Yau dubban mutane sun mai da waɗannan jirage gidajensu. Faɗin jirgin bai wuce ƙafa 6 da inci 10 ba, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70, ga ɗakin kwana, ga madafa, ga banɗaki, duk a jere. Ba a gudun da ya wuce mil 4 a awa, kuma wanda ba shi da matsaya ta dindindin doka ta ce kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Karen irin wannan gida kullum baƙo ne: sabuwar gaɓa, sabbin karnuka, sabon wari. Shi ya sa masu jiragen suka fi duba halin kare a kan kyawunsa.

Beljiyam tana da ɗan ƙaramin baƙin kare mai suna Schipperke, wanda ya yi suna a jiragen dakon kaya. Aikinsa biyu: kashe ɓeraye, da yin haushi in baƙo ya tako jirgi. Karen talakawa ne har zuwa 1885, lokacin da Sarauniya Marie Henriette ta mallaki guda, nan take masu kuɗi suka fara nemansa.

Holan ma tana da nata, Keeshond, mai gashi kamar an tsefe auduga. Shi har siyasa ya shiga. A shekarun 1780 ya zama alamar ɓangaren da ke adawa da gidan sarautar Orange, da ɓangaren ya sha kaye a 1787 sai farin jinin karen ya faɗi tare da shi, ya koma rayuwa a jirage da ƙauyuka.

Wanda zai fi burge masuncin Argungu shi ne karen ruwa na Fotugal. Masunta na fita da shi teku yana kora kifi cikin koma, yana nutso ya ɗauko kayan da suka faɗa ruwa, yana iyo da saƙo daga jirgi zuwa jirgi ko zuwa gaɓa. Da injin da rediyo suka zo sai aikinsa ya mutu, irin ma ya kusa ƙarewa. Irinsa ne Bo, karen da iyalin Barack Obama suka shigo da shi fadar shugaban Amurka a 2009.

Sai Newfoundland na Kanada, ƙato mai fata tsakanin yatsu da gashi mai maiƙo wanda ruwa ba ya ratsawa da sauri. Meriwether Lewis ya sayi guda a kan dala 20, ya sa masa suna Seaman, ya bi shi a doguwar tafiyar kogunan Amurka daga 1804 zuwa 1806. A Italiya akwai makarantar da Ferruccio Pilenga ya kafa a 1989, inda ake koya wa irin waɗannan karnuka dira daga jirgi mai saukar ungulu su ceto wanda ruwa zai ci. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma kada wani ya yi marmarin kawo shi Birnin Kebbi. Nauyinsa yakan kai kilo 60 ko 70, ya kusa kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 mai kilo 75, wanda sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi kan sikeli. In irin wannan ya miƙe tsaye a gefen kwalekwale, kifewa ce. Ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga kare ba ya gumi a jiki sai kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya kansa. Ajiye mai wannan gashi a ƙasarmu zalunci ne.

Ba kowane kare ne ya iya iyo ba, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka haka. Masu gajeren hanci da faɗin ƙirji, irin Bulldog da Pug, sai sun ɗaga kai sosai kafin su shaƙi iska, gindi ya nutse, su gaji nan da nan. Wanda ya iya ma yana da matsala ta biyu: fita. A hanyoyin ruwan Ingila gefen ruwa a miƙe yake, na dutse ko ƙarfe, kare zai yi ta iyo ba wurin dafawa. Don haka ake sa masa rigar kariya mai mariƙi a baya, a ɗago shi da hannu ɗaya. Haka nan a gulbi, kare ba zai iya hawowa kwalekwale da kansa ba.

Jiƙaƙƙen kare yana kakkaɓe kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan jikinsa a daƙiƙa 4. Masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka ne suka auna wannan. Mai buhun gari a jirgi ya san inda ruwan zai sauka.

A jirgin Titanic da ya nutse a 1912 akwai karnuka aƙalla 12. Uku suka tsira, kuma dukansu ƙanana ne da aka rungume aka shiga da su jiragen ceto.

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Judy. An haife ta a Shanghai a 1936, ta zama karyar wani jirgin sojan ruwan Birtaniya mai sintiri a kogin Yangtze. Tun tana sabuwa ta faɗa kogin aka tsamo ta. A 1942 jiragen saman Japan suka nutsar da jirgin da take ciki, waɗanda suka tsira suka faɗa wani tsibiri ba ruwan sha, ita ce ta tono musu ruwa mai daɗi a bakin gaɓa. Aka kama su, aka kai su sansani a Sumatra, inda wani soja mai suna Frank Williams ya riƙa raba 'yar shinkafarsa da ita, har ya shawo kan shugaban sansanin ya rubuta ta a rajista a matsayin fursunan yaƙi don kada a harbe ta. Ta rayu, aka ba ta lambar yabo ta Dickin a 1946, ta mutu a 1950 a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau. A ƙasar Afirka kabarinta yake.

A Simon's Town ta Afirka ta Kudu kuwa, a 1939 rundunar ruwan Birtaniya ta ɗauki wani ƙaton kare mai suna Just Nuisance aikin soja a hukumance. Dalili shi ne yana yawan bin sojoji cikin jirgin ƙasa ba tikiti, ma'aikata suka yi barazanar kashe shi, shi kuwa soja kyauta yake hawa. Har ya mutu a 1944 bai taɓa fita teku ba.

Ga wani darasi daga Jami'ar Washington. Masu binciken manyan dabbobin teku sun yi shekaru suna tsayar da wani baƙin kare mai suna Tucker a goshin jirgi, yana shinshino kashin dabbobin a kan ruwa daga nisan da ya haura kilomita ɗaya, matuƙi yana bin inda hancinsa ya nuna. Tucker tsoron ruwa yake yi, kuma wannan ne ya sa ya dace da aikin, don ba ya tsalle ya faɗa. A ganina nan ne asirin zaɓen yake. Karen jirgi na ƙwarai shi ne mai iya zama, wanda in an ce kwanta zai kwanta a tsakiyar jirgi ko da agwagwa ta gifta ta gabansa. Gwanin iyo mai rawar kai ya fi kowa haɗari.

To namu fa? Arewa da mu, a kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali, Buzaye suna da dogon siririn karen da duniya ta sani da Azawakh. Gudu a fili aka halitta masa, dogayen ƙafafunsa ba na kwalekwale ba ne. Karen gida na Hausa, matsakaici, mai gajeren gashi, wanda ya saba da zafi da ƙaiƙayin fadama, ya kuma saba da tuwon jiya, shi ya fi dacewa da gulbin Kabi, nesa ba kusa ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana. A ɗauko shi yana kwikwiyo, don makonni 12 zuwa 14 na farkon rayuwarsa ne lokacin da yake karɓar sabon abu ba tsoro. A fara sa shi a jirgi yana ɗaure a gaɓa, sannan gajeriyar tafiya. In ya yi amai kada a doke shi, gaɓar da ke daidaita jiki a cikin kunnensa ce ba ta gama ƙosawa ba, yawanci yana girma abin ke wucewa. Kuma kada a ɗaure shi da jikin jirgi ana tsakiyar ruwa, don in jirgi ya kife igiyar ce za ta kashe shi.

Tsoffin marubutan Rum, ciki har da Pliny, sun rubuta cewa karnukan Masar suna shan ruwan Nilu suna gudu saboda tsoron kada. A Argungu Sarkin Ruwa ne ke shiga tsakanin mutane da kadoji kafin a buɗe Matan Fada. A sauran ranaku mai kare shi zai lura da inda karensa ke sa baki, musamman da magariba.

Ta fuskar addini, hadisi ya halatta ajiye kare don farauta, da kiwo, da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi ba dalili. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Masu sharhin Risala sun kawo cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye karen gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗauki kare a jirgi ya ɗauki amanar cinsa da shansa da inuwarsa.

Abu na gaba ya shafi kowane masunci kai tsaye. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu. Amma a Chadi, tun 2012, sai aka fara ganin kurkunu a jikin karnukan ƙauyukan masunta na bakin kogin Chari, har adadin ya kusa 2,000 a 2019. Masu bincike sun danganta abin da ɗanyen kayan cikin kifi da ake watsa wa karnuka, da kuma ruwan kududdufi. Maganin da aka bi a can mai sauƙi ne: a binne kayan cikin kifi, a ɗaure karen da tsutsa ta fito masa don kada ya shiga ruwa. Masuntan Hausawa suna kai da kawowa har Tafkin Chadi, saboda haka wannan ba labarin nesa ba ne. Mai fiɗar kifi a tunga ya haƙa rami ya binne hanji, abin da za a ba kare a dafa shi.

Sai cizon mahaukacin kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. In alamun cutar suka bayyana, da wuya a tsira. A jirgi ko a tunga, inda asibiti ke da nisa kuma ba wurin gudu, haɗarin ya ninka. Ana yin allurar rigakafin karnuka a nan gida, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Kwikwiyo yana cika wata 3 a kai shi asibitin dabbobi a Birnin Kebbi ko Argungu a yi masa, a riƙa maimaitawa duk shekara. Wanda kare ya ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru da karen.